BABA TA KARO DA ILMIN ZAMAN JAMA'A

Hausawa sun ce zaman duniya iyawa ne. Tun zamanin da, dattawa su kan lura da yadda mutum ke duban ɗan'uwansa mutum: wanda ya ke girmamawa, da wanda ya ke rainawa, da wanda ya ke jin kunya, da wanda ya ke yi wa wasa. Amma mai da wannan lura ta zama fannin ilmi, wanda a ke yi wa gwaji da ƙidaya da rubutu, bai daɗe ba ƙwarai. Galibin aikin an yi shi ne cikin shekaru 100 da suka wuce. Masana suna kiransa ilmin halayyar mutum cikin jama'a. Ƙasar Hausa kuwa tana da rabo babba a tarihinsa, rabon nan kuma ya faro ne daga bakin wata tsohuwa ta yammacin ƙasar Kano.

Ƙasar Karaye da Rogo

A kudu maso yammacin Kano, inda ƙasar ta yi iyaka da Zazzau da Katsina, akwai garuruwa na manoma da masaƙa da marina, irin su Karaye da Rogo da Zarewa da Daura. Daurar nan ta ƙasar Karaye ce, dabam ta ke da Daura ta Bayajida. Kusa da Zarewa, wadda yau ta ke cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, akwai wani ɗan ƙauye da a ke kira Karo. Can aka haifi Baba a ƙarshen ƙarni na 19. Asalin gidansu Barebari ne, kakanninta daga Barno suka taso. Ubanta manomi ne, malami kuma, danginsu suna da rinji na bayi.

Zamanin ƙuruciyarta zamanin hari ne. Mayaƙan Sarkin Sudan na Kwantagora su kan faɗa wa ƙauyukan yammacin Zazzau, masu satar mutane kuma suna yawo a daji. In an ji kuwwa sai mutanen ƙauye su kwashi 'ya'yansu su gudu cikin gari mai ganuwa. An kama waɗansu daga cikin dangin Baba, sai da aka tara kuɗi aka fanso su. Tana da wayonta sa'ad da Turawa suka ci Kano cikin 1903, ta ga yadda hari ya mutu, ta ga kuma yadda bayi suka riƙa watsewa daga rinji. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi ta aurad da su. Daga baya zama ya kai ta Giwa, cikin ƙasar Zazzau.

Zuwan Smith da matarsa

Cikin 1949 wani masani mai suna M. G. Smith, haifaffen tsibirin Jamaika, wanda ya yi karatu a jami'ar London, ya zo Lardin Zazzau don ya binciki sana'o'in Hausawa da tsarin zamansu. Bai daɗe ba ya ga akwai ƙofar da ba za ta buɗe masa ba. Shi namiji ne, baƙo kuma, iyakarsa zaure. Duk abin da ke gudana a cikin gida, watau rabin zaman jama'a, ya ɓoyu gare shi. Saboda haka matarsa Mary, wadda ta koyi Hausa, ita ta ɗauki wannan sashe na aikin.

A Giwa Mary ta gamu da Baba, jininsu ya haɗu. Tsakanin watan Nuwamba 1949 da Janairu 1950 suka yi wajen mako shida suna zama, Baba tana ba da labari, Mary tana rubutawa da hannu cikin Hausa. Baba ta rasu cikin 1951, ba ta ga abin da aka yi da maganarta ba. Cikin 1954 aka buga labarin da Turanci a London da sunan Baba of Karo, daga baya kuma aka buga shi cikin Hausar da ta faɗe shi. Har yanzu littafin yana cikin waɗanda masu nazarin Afirka su ka fi dogara da su in ana maganar zaman matan Hausawa na da.

Kunya da wasa

Abu na farko da labarin Baba ya fito da shi fili shi ne, Bahaushe ba ya barin mu'amala ta tafi kara zube. Kowane mutum da ke kewaye da shi an riga an yanka masa matsayi, an kuma faɗi irin halin da za a nuna masa. Akwai waɗanda a ke jin kunyarsu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Mace ba ta kiran sunan mijinta. Suruki ya kan tuɓe takalmi ya durƙusa in ya hangi surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa.

Akwai kuma waɗanda a ke yi wa wasa. Kaka ta kan kira jikanta namiji mijinta, ta kira ta mace kishiyarta. Taubasai, watau ɗan mace da ɗan namiji, su kan yi wa juna ba'a, su karɓi kuɗin shara a watan cika-ciki. Haka ƙanen miji da matar wa. Wasan nan bai tsaya cikin dangi ba, ya ƙetare zuwa tsakanin kabilu da garuruwa: Barebari da Filani, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa.

Cikin 1940 wani masani na Ingila, Radcliffe-Brown, ya yi bayanin amfanin irin wannan al'ada, bayan ya kwatanta ta a ƙasashe da yawa. Ya ce kunya da wasa magani biyu ne na cuta ɗaya. Duk inda mutane biyu su ke dole su zauna tare, ga shi kuwa akwai abin da zai iya haɗa su faɗa, sai al'ada ta zaɓi ɗayan biyu: ko ta nisanta su da kunya yadda ba za su yi cacar baki ba, ko ta ba su izinin zagin wasa wanda an haramta yin fushi da shi. Barebari da Filani sun gwabza yaƙi a Barno tun daga 1808, amma jikokinsu in sun gamu a kasuwa sai kowa ya ce wa ɗan'uwansa bawansa, a yi dariya a rabu. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da daraja ƙwarai, har cikin 2014 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun da duniya ya kamata ta adana.

Ban da dangi, Baba ta yi bayanin zumuncin da mutum ke ƙulla wa kansa. Mace tana da ƙawa, wadda su ke daidai da juna, suna yi wa juna biki, wadda aka kai wa gudummawa kuma ta kan ninka in lokacin ramawa ya zo. Tana da ƙanwar rana, yarinyar da ta ɗauka tamkar ƙanwa, tana taimakonta da kayan aure, ita kuma tana yi mata aike da hidima. Namiji yana da babban aboki, talaka kuma ya kan nemi ubangida ya zama baransa. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ran da wahala ta zo shi kaɗai zai ɗauke ta.

Asali da sana'a

Shi kuwa Smith, abin da ya gano a zaure da fada da kasuwa ya rubuta shi cikin 1959. Ya nuna cewa a wancan zamani darajar namiji tana rataye da sana'arsa. Masu sarauta ne a sama, sa'an nan malamai da attajirai, sa'an nan manoma da galibin masu sana'ar hannu, a ƙasa kuma aka ajiye mahauta da makaɗa da maroƙa. An kuma bambanta sana'ar gado, wadda a ke kira karda, da ta shigege, ta gado ita a ke ba girma. Ta haka a kan yanke wa mutum hukunci tun ba a ga aikinsa ba, a hana shi aure a wani gida don sana'ar kakansa. Amma Smith ya lura mata suna da nasu ma'auni dabam. A tsakaninsu shekaru da aure da 'ya'ya da yawan masu zuwa bikin mace su ne ke ɗaga ta, sau da yawa ba a kula da sana'ar mijinta.

Ya lura da wani abu kuma. A zamanin bauta, bayi mata ne ke noma a gandu, matan 'ya'ya suna gida. Da bauta ta mutu, sai matan da aka 'yanta su ma suka janye daga gona, domin a idon jama'a noman mace alamar bauta ce. Ta haka kulle ya ƙara yaɗuwa a ƙauyuka. Wannan ya nuna yadda tsoron idon mutane ke iya sauya aikin ƙasa ɗungum. Smith ya komo cikin 1958 da 1959 ya yi bincike a Kano da Katsina da Sakkwato da Daura ta Bayajida, littafinsa na tarihin sarautar Daura kuma ya fito cikin 1978.

Gwaje-gwajen Amurka

Sa'ad da a ke wannan aiki a ƙasar Hausa, masana a Amurka suna bin wata hanya, watau ta gwaji. Cikin 1946 Solomon Asch ya karanta wa ɗalibai siffofi bakwai na wani mutum da ba su taɓa gani ba, irin su basira da ƙwazo da taka-tsantsan. Ya raba ɗaliban kashi biyu, ya sāke kalma ɗaya tak: waɗansu aka ce musu mutumin mai fara'a ne, waɗansu aka ce marar sakin fuska ne. Kashin farko galibinsu suka ɗauke shi mai kyauta, mai daɗin zama. Kashi na biyu suka ɗauke shi marowaci, mai wuyar sha'ani. Kalma ɗaya ta rina sauran shida. Hausawa sun riga sun san wannan, shi ya sa su ke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma gwajin ya nuna haɗarin abin: wanda ya riga kai sukar mutum wurin alƙali ko wurin iyayen yarinya ya riga ya rina duk abin da za a ji daga baya.

Cikin 1954, shekarar da littafin Baba ya fito, Gordon Allport na jami'ar Harvard ya buga babban littafi a kan ƙiyayyar da a ke yi wa mutum saboda kabilarsa ko addininsa ko launin fatarsa. Ya ce zuciyar ɗan Adam ta kan tara mutane jinsi jinsi don ta huta da wahalar sanin kowa ɗaya ɗaya, daga nan sai ta ɗora wa dukan jinsin halin mutum guda. Ya ce cuɗanya tana rage wannan, amma da sharaɗi huɗu: a zauna a matsayi ɗaya, a sa buri ɗaya a gaba, a yi aikin tare ba da gasa ba, shugabanni kuma su goyi bayan abin. In babu waɗannan, kusanta tana iya ƙara raini, kamar yadda aka tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda ya ke gani yau da gobe.

A cikin wannan shekara dai, Muzafer Sherif, haifaffen ƙasar Turkiyya, ya kai yara maza 22, masu shekara wajen 11, wani sansani a jihar Oklahoma. Ya raba su ƙungiya biyu, ya sa musu gasar wasanni da kyauta ga wanda ya ci. Cikin 'yan kwanaki suka soma zagin juna, suka ƙona tuta, suka kai wa ɗakunan juna hari. Aka haɗa su cin abinci wuri ɗaya, sai suka yi ta jifan juna da abincin. Sa'an nan aka toshe ruwan sansanin da gangan, aka kuma sa motar abinci ta ƙi tashi, yadda sai sun haɗa ƙarfi sun ja ta da igiya. Bayan irin waɗannan ayyuka gaba ta yi sanyi, har suka nemi a mai da su gida cikin mota ɗaya. Masana na baya sun soki wannan gwaji, domin an gano masu binciken sun riƙa zuga yaran, kuma irinsa da aka gwada cikin 1953 ya rushe don yaran sun ƙi yin faɗa. Duk da haka darasinsa na aikin tare ya tsaya, manomin da ya taɓa fita gayya kuwa ba ya bukatar a fassara masa shi.

Mai awo shi ma a kan auna shi

Masana su ma mutane ne, idonsu ya kan karkata. Cikin 1966 Robert LeVine na jami'ar Chicago ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan 'yan makarantar sakandare maza, Hausawa da Yarabawa da Ibo. Ya sa sun rubuta mafarkansu, da ra'ayinsu a kan yadda yaro ke zama babban mutum. Ya ce ya sami zancen ƙoƙarin kai ya fi yawa wurin Ibo, zancen biyayya da ladabi ga na gaba kuma ya fi yawa wurin Hausawa. Ya danganta wannan da tsarin sarauta, inda bara ke ɗaukaka ta hanyar ubangidansa. Waɗansu suka ɗauki maganar suka mai da ita hujjar cewa Bahaushe ba shi da himma, alhali 'yan makaranta kaɗan aka tambaya, ba a tambayi falke ko ɗan koli ba.

Cikin 1969 Abner Cohen ya buga nasa binciken a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, unguwar da aka kafa cikin 1916. Ya nuna yadda su ke riƙe da cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu, ana ba da shanu bashi ga mahauta Yarabawa bisa lamunin maigida, ba takarda ba sa hannu. Jarin wannan ciniki amana ce da sanin halin mutane. Ashe biyayya ga maigida da himmar neman arziki suna iya zama cikin mutum ɗaya.

Cikin 1973 kuma A. H. M. Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa ya kuma koyar a Zariya, ya yi lacca a jami'ar Indiana a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki. Ya tattara siffofi goma da a ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin lura, ba asali ko dukiya ko sarauta a cikinsu. Watau Hausawa suna da mudu biyu na awon mutum. Ɗaya na asali da sana'a, wanda Smith ya bayyana, ɗaya kuma na hali, wanda mahauci zai iya cika shi ɗan sarki ya kasa.

Gwajin Kaduna

Maganar Allport ta daɗe ana gwada ta a Turai da Amurka kafin a gwada ta a Nijeriya ta Arewa. Bayan rikicin da aka yi a Kaduna cikin 2000, wanda ya ci rayuka masu yawa, garin ya rabu, galibin Musulmi suka koma arewacin kogi, galibin Kirista suka koma kudu. Yara suka tashi ba su san juna ba sai ta bakin wasu. Cikin 2014 waɗansu masana mata biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, suka ɗebi samari fiye da 800 daga unguwannin talakawa na garin. Aka yi ƙuri'a, waɗansu aka ba su koyon kwamfuta na mako 16. Cikinsu waɗansu aka sa su aji mai gauraye da Musulmi da Kirista, waɗansu aji na addini ɗaya.

Da aka gama sai aka auna su ta hanya biyu. Aka tambaye su ra'ayinsu a kan mutanen ɗaya addinin, aka kuma ba kowane saurayi kuɗi ya raba da wani wanda sunansa ya nuna addininsa. Sakamakon ya fito cikin 2018. Ra'ayin da ke bakinsu bai sāke ba. Amma wajen rabon kuɗi, waɗanda suka yi aji mai gauraye ba su nuna bambanci kamar waɗanda suka yi aji na addini ɗaya ba. Masu binciken suka ga alamar cewa zama da naka kaɗai shi ke ƙara son kai ga naka. Hannu ya kan riga baki gyaruwa, wanda kuwa ya ke jiran sai zukata sun wanke sarai kafin a zauna tare zai daɗe yana jira.

Abin da tarihin ya nuna

Daga zaman Baba da Mary a Giwa zuwa ajin kwamfuta na Kaduna shekara 65 ne. Cikin wannan tsawo an tabbatar da abubuwa uku. Na ɗaya, mutum ya kan yanke hukunci a kan ɗan'uwansa da wuri, bisa kalma ɗaya ko suna ko tsagar fuska, sa'an nan ya riƙa ganin abin da ya yi daidai da hukuncinsa kaɗai. Na biyu, ganin juna kawai ba ya kashe gaba, sai an haɗu a kan aikin da ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Na uku, kakannin Hausawa sun ƙago nasu dabarun tun ba a rubuta wannan ilmi ba: wasan kabilu, da ƙawance, da biki, da gayya, da lamunin maigida ga baƙo.

Waɗannan dabaru ba su hana hari da bauta a zamanin Baba ba, ba su kuma kawar da rainin da a ke yi wa mai sana'ar da aka ƙasƙantar ba. Amma sun sa Babarbariya ta yi zaman lafiya da Filani maƙwabtanta, sun sa matar da ba ta haihu ba ta tsufa da 'ya'ya kewaye da ita, sun kuma sa ta karɓi baƙuwa daga Ingila ta buɗe mata cikinta har mako shida. Yau gayya ta ragu a ƙauyuka da yawa, yaran birni kuma da dama ba su san abokan wasan kabilarsu ba. Garin da ya bar waɗannan suka mutu, bai kuwa kafa waɗansu a madadinsu ba, 'ya'yansa za su tashi suna sanin maƙwabtansu ta bakin masu zuga kaɗai.